Laya Biyu a Cikin Kwalla

Ni ungozoma ce, ko in ce na taɓa zama, kafin gwiwa ta ƙi ni, asibiti kuma ya matso kusa. Rabin mutanen unguwarmu a Saulawa a hannuna suka faɗo duniya. Na san sirrin ɗakunan da masu gidan ma ba su sani ba, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakina ba. Ban yi boko ba. Wannan da kuke karantawa 'yata ce malamar firamare take rubutawa, ina faɗa tana bi, na kuma ce mata kada ta rage ko wurin da na ji kunya.

Autana fataucin busasshen barkono yake yi. Ya saya a Ikara da ƙauyukan kewaye, ya ɗura a buhu, ya bi babbar mota har ƙetaren iyaka. Duk tafiyar da zai yi, ni ba na cin abinci da daɗi sai ya dawo, don kowa ya san yadda hanya ta zama. Ya yi mini alkawari yana tara abin da zai sayi fadama da injin ban ruwa, ya zauna gida ya yi noman rani, ya bar hanya. Wannan alkawarin nake riƙe da shi kamar carbi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo ɗakina, ya saki labule, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ciro waya.

Ya ce, "Inna, kuɗin fadamar nan fa ga inda suke. Kirifto ake ce musu. Da su masu sayen barkonona suke biyana."

Na ce, "A wane banki?"

"Ba sa banki."

"To a cikin wayar suke?"

"Ba sa cikin wayar ma. Wayar ƙofa ce kawai."

Na ce, "Kuɗin da ba sa aljihu, ba sa banki, ba sa waya, ai sai dai na aljanu. Auta, ko dai an yi maka wayo ne?"

Ya yi dariya har ya zauna dirshan a tabarma. Ya ce in ɗauka wani rumbu ne da gara ba ta ci, ɓera ba ya shiga, gobara ba ta kama shi. Amma fa rumbun ba shi da mai gadi, ba shi da ofis ɗin da za a je a kai kuka. Mabuɗinsa wasu kalmomin Turanci ne guda goma sha biyu, a jere, ba a sauya musu wuri. In waya ta ɓace, da kalmomin nan za a buɗe rumbun a wata wayar. Wanda duk ya san su, shi ne mai kuɗin, ko da ɓarawo ne, kuma ba alƙalin da zai iya karɓo su. In suka ɓace, kuɗin na nan, amma ba mai taɓa su har tashin duniya. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a ajiye su cikin waya, duk kuma wanda ya buga waya ya ce a karanta masa su don ya taimaka, macuci ne.

Sai ya miƙo mini 'yar takarda, ba ta kai tafin hannu ba.

Na ce, "Don me sai ni?"

Ya ce, "Don bakinki ba ya zuba, Inna." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Kuma ko kin buɗe ba ki iya karantawa ba."

Wannan ta biyun ta soke ni, amma na haɗiye. Abin da ya fi damuna shi ne rashin shaida. A wajenmu in za a ba mutum ajiya, a gaban mutum biyu ake ba shi, don rai da mutuwa. Wannan kuwa ajiya ce da shaida ke kashe ta. Ko matarsa ya ce kada ta ji.

Kwana uku takardar nan tana cikin lalitata, na rasa inda zan sa ta. Ɗakina yana yoyo da damina. Gara ta taɓa cinye mini zane a cikin adaka. Surukata kuma, matar Auta, duk takardar da ta gani sai ta ƙunshe daddawa da ita. Can sai dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da ta zo.

Ina da wata laya da na gada daga mahaifiyata, jar fata, ta naƙuda. A cinyar mai haihuwa ake ɗaura ta. Ko bayan na daina fita, ana zuwa aronta, ta yi gida biyu ko uku, wani lokaci ta yi wata biyu a waje, sannan a dawo da ita da goro da sabulu. Ba mai buɗe layar wani, ɓarawo ma tsoronta yake ji. Na ce to ga maɓoya.

Na ninke takardar da kaina, na naɗe ta da zare har ba a ganin farinta, na ɗauki layar mahaifiyata na tafi kasuwar Makarfi wajen baduku. Na ce masa ya ɗinke mini wannan ƙunshin daidai da tsohuwar, launi da girma da igiya, har ya shafa mata mai ta yi duhu.

Ya ce, "Iya, kishiya za a yi wa tsohuwar?"

Na ce, "Kai dai ɗinka, ba a tambayar abin da ke cikin laya."

Ya ɗinka kuwa, Allah Ya yi masa hannu. Na dawo na jefa su biyun cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ni kaɗai na san bambancinsu: ta mahaifiyata tana da ɗan tabo a kusurwa, sai an shafa da yatsa ake ji.

Da kaka ta yi, na je Ikara gaisuwar mutuwa na kwana biyu. Da na dawo surukata ta ce, "Inna, an zo daga Likoro aron layar naƙuda, na ɗauka na ba su." Na ce Allah Ya sauke ta lafiya. Na leƙa kwalla, na ga laya ɗaya kwance, na rufe. Ban shafa ba. Yatsa ɗaya ne kawai zan sa, ban sa ba.

Bayan kamar sati shida Auta ya dawo daga tafiya fuskarsa a yamutse. Wayarsa ta suɓuce wajen lodi, tayar mota ta bi ta kai, ta zama gari. Amma ya ce ba komai, ya sayi sabuwa, in ba shi ajiyarsa.

Na tashi da taƙamata, na jawo kwalla, na ɗauko reza. Ina farke ɗinkin ina ba shi labarin dabarata, yana cewa, "Kai, Inna, ke dai ba dama." Fata ta buɗe. Babu farin zarena. Sai wani tsohon ƙyalle, a cikinsa takarda ja kamar ganyen taba, da rubutun Larabci.

Layar uwata na farke da hannuna. Wadda ba a taɓa buɗewa ba tun kafin a haife ni.

Auta ya dubi takardar, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa kawai ya yi, "Inna, ina ɗayar?"

Washegari da hantsi muka hau babur ɗinsa zuwa Likoro. Ban taɓa jin tsawon gaisuwa irin na ranar ba. An shimfiɗa mini tabarma, an kawo fura, ina gajiya, ina ɗawainiya, yaya ƙafa, yaya mutanen gida, aka kawo jaririya na sa mata albarka. Sai da aka gama na ce na zo karɓar layata.

Uwar gidan ta ce, "Ayya Gwaggo, ai da kin aiko. Ta yi gaba. Ƙanwar mai jego ce naƙuda ta tsaya mata a Nasarawan Doya, muka aika musu. Tagwaye ta haifa, ko awa biyu ba ta yi a durƙushe ba. Layar nan taki sai dai a ce masha Allah."

Na ce alhamdu lillahi, bakina kamar na tauna maɗaci.

Muka kama hanyar Nasarawan Doya ta cikin gonakin rake.  Ina riƙe da rigarsa ta baya, ina tuna fadamar, ina tuna babbar mota, ina cewa a raina in kuɗin nan suka tafi ni na mayar da shi kan hanya da hannuna.

A gidan masu tagwaye aka tarbe ni kamar wata sarauniya. Kakan yaran, wani dattijo mai farin gemu, ya yi ta godiya, sannan ya fara sosa ƙeya.

Ya ce, "Iya, a yi mana afuwa. Da muka ga aikin layar, sai muka ce bai kamata abu irin wannan ya zama guda ɗaya tak a ƙasa ba. Na kai wa malaminmu ya buɗe ya kwafa mana, a ɗinke miki taki yadda take."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da gwiwa ke hana ni tashi.

Muka iske malamin a zaure da mutane huɗu ko biyar suna hira. Na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe shi, Auta yana bayana. Ya ɗaga buzu, ya zaro takardar, a buɗe, a miƙe, ya riƙe ta sama kowa yana gani.

Ya ce, "Baiwar Allah, na ga aya, na ga hatimi, na ga ajami, ban taɓa ganin laya da boko ba. Wannan kike ɗaura wa matan mutane?"

Duk suka juyo suna kallona. In na ce ga abin da take, na tona asirin ɗana a gaban mutane. In na yi shiru, na zama tsohuwar da ta yi shekaru tana yaudarar masu naƙuda. Na zaɓi ta biyun. Na ce, "Allah gafarta malam, a ba ni kayana."

Auta ya tambaya cikin ladabi ko wani ya karanta. Malam ya ce ya nuna wa wani malamin sakandare, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna da ke haya a maƙwabta. Shi da ya gani sai ya ninke ta da sauri, ya ce mabuɗin dukiyar wani ce, a ɓoye, a nemi mai ita. Malam ya ce shi bai gane wace dukiya ke cikin takarda ba. Sai wani daga cikin masu hirar ya ce, "Ai kafin nan ɗan'uwana ya ɗauki hotonta shekaranjiya, zai tura wa abokansa ko akwai wanda ya san fassarar."

Auta ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar, ya yi godiya, muka fito.

Garin babu sabis mai ƙarfi. Haka ya ja babur da ni a baya, muna tsalle a kan kunya da rami, har muka kusa Makarfi. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya juya wa hanya baya, ya fara danna kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓata, ya sake. Ni kuwa na zauna a kan saiwa, duk addu'ar da na sani na karanta, har da wadda nake yi wa mai naƙuda.

Can ya sauke numfashi. Ya ce, "Suna nan."

Na ce, "Duka?"

"Duka. Amma wannan mabuɗin ya mutu, Inna. Ido ya gan shi."

Nan take ya buɗe sabon rumbu a wayar, ya fara tura kaɗan ya ga sun isa, sannan ya kwashe sauran gaba ɗaya. Wayar ta ba shi sababbin kalmomi goma sha biyu. Ya yago takarda daga ɗan littafinsa, ya ɗora a kan tankin babur, ya rubuta su a hankali, ya duba sau biyu. Ya ninke ta huɗu, kamar yadda ya ninke ta farko.

Ni har na goge tafin hannuna a zane don in karɓa.

Ya sa ta a aljihun rigarsa na ciki, ya ɓalle maɓalli. Ya ce, "Mu je, Inna, kada la'asar ta wuce mu."

Har yau ban tambaye shi dalili ba.

Ya sayi fadamar, a bana tumatir ya shuka, kullum a gida yake kwana. Na kai wa badukun layar mahaifiyata ya mayar da ɗinkinta, wannan karon bai yi mini wasa ba. Tana nan cikin kwalla ita kaɗai. An yi haihuwa da yawa a unguwar nan tun da labarin layar boko ya bazu, ina jin guɗa daga ɗakina, ba wanda ya zo aronta. Wani lokaci in Auta ya shigo gaishe ni ya durƙusa, idona sai ya tafi kan aljihunsa, sai in yi sauri in tambaye shi yaya ruwa a fadama.