Neman Madubin Bindiga, Daga Tenhya Zuwa Damagaram

Ban jira kiran assalatu ba na bar Tenhya, ranar wata Litinin cikin bazara, a farkon shekarun tamanin. Doguwar bindigata na naɗe a bargo, takardar izinin tafiya na aljihun gaba. Na hau bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya kawo gero zai koma Tanut da fatu, na zauna kan fatun, ban ko damu da warinsu ba.

A lokacin ni kaporal ne cikin gardi masu sintiri kan raƙuma. Kusan shekara ashirin ina wannan aiki, ban kuma iya wani ba. Sai aka kawo mana sabon ajidan, wato shugaban rundunarmu, shi kuma ya zo da doka: za a yi gasar harbi a Tanut da bindiga uku, libarba ta hannu da mitarayet mai ɓarin harsashi da doguwa, ana gudu daga wannan zuwa waccan, agogo na tafiya. Duk wanda ya kasa, za a sauke shi daga raƙumi a kai shi gadin ƙofar gidan kaso a Damagaram. Libarba da mitarayet ba su ba ni tsoro ba. Doguwar ce matsala, don idona na dama ya fara yi mini rowa daga nesa. Amma dokar ta yarda a ɗora wa doguwa madubi, wanda sojoji ke ce wa lunet. Na rantse wa matata Fadimata cewa ba zan ƙare rayuwata ina buɗe wa fursunoni ƙofa ba, na fita nema.

Tanut zuwa Belbeji

Mun shiga Tanut da hantsi. Ajidan ya buga wa takardata hatimi yana kallon furfurar gemuna.

"Kaporal, madubi ba ya mai da tsoho yaro," in ji shi.

"Gaskiya ne, Shef. Amma yana mai da nesa kusa, ni kuwa iyakar abin da nake nema ke nan."

Da azahar na samu wata Lanroba mai zuwa Belbeji. An cika ta har rufi, da akuya biyu da wata tsohuwa mai tallan cuku wadda ta ciyar da mu duka. Mun kafe a yashi kafin Gangara, muka sauka muka tura, direba na ta ba mu umarni daga cikin inuwa kamar shi ya haife mu. Sai bayan magariba muka iso.

Abin da ya kai ni Belbeji surukina ne, mahaifin Fadimata, wanda ba zan kama sunansa ba. Buzu ne dattijo, ya yi wa Turawa masu farauta jagora a da, ɗayansu kuma ya bar masa bindiga da madubi. A al'adarsu, mijin 'ya ba ya sauke amawali gaban suruki, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ma fuskantarsa da magana. Don haka na ja amawalina har ƙarƙashin ido kafin in yi sallama, ƙanensa Agali kuma ya zauna tsakaninmu yana kai magana yana kawowa, alhali tabarma ɗaya muke.

Belbeji

Da sassafe tsohon ya fito da madubin daga jakar fata. Na ga abu kamar taɓarya ƙarama, yana kusanto da abu sau goma sha biyu. Agali ya kafa gwangwani can bayan rijiya. Da na leƙa, har tsatsar jikinsa na gani. Raina ya yi fari. Harbin farko gwangwani ya tashi sama.

Da rana ta take muka sake gwadawa, sai labari ya sha bamban. Zafi na tashi daga ƙasa, madubin kuma ya kusanto mini da kawalwalniyar tare da gwangwanin, komai na rawa a ciki. Ga amawali ya yi tudu a kumatuna, ya hana idona zama daidai, sai in ga duhu ya rufe gefen gilashi. Na matsa da fuskata kusa don in kori duhun, na ja kunama. Bindiga ta shure ni, bakin madubi ya tsaga mini gira. Jini na bin amawali, ba damar in sauke shi in share.

Tsohon ya yi kamar bai gani ba, wanda a wurinsu girmamawa ce. Ya dubi Agali ya ce, "Gaya wa mijin 'yata na ba shi. Ban taɓa ara wa kowa ba. Ranar gasa zan zo Tanut in ga aikinsa."

Na ce wa Agali ya miƙa godiyata. Na karɓa hannu biyu, ina sane kuwa cewa kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kuma ajiye ta a gefe.

Hanyar Damagaram

Washegari na bi motar masu dabbobi zuwa Damagaram, don a saita mini madubin a ɗakin makamai. A shingen Bakin Birji wani jandarma ya ga naɗin bargo ya ce in buɗe. Ya karanta takarda, ya ɗaga madubin yana juya shi.

"Da wannan ai ko ƙuda ka auna a Agadas sai ka same shi," in ji shi.

"Shi ne ya yi mini wannan," na nuna girata.

Ya yi dariya ya miƙo mini kayana. A bakin shingen na sayi fura da nono na sha a tsaye. Mun shiga Damagaram da la'asar, na sauka barikin gardi. Daga inda na shimfiɗa tabarma ana hango katangar gidan kaso da wani dattijon gardi zaune kan benci a ƙofa, yana korar ƙuda da hularsa. Na daɗe ina kallonsa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Ɗakin makamai

Mai kula da ɗakin makamai Sajan Mutari ne, tare muka shiga aiki. Ya ce an kawo madubai daga Yamai, amma manyan duk sun tafi.

"Ka san tsarinmu, mai galo a kafaɗa shi ke fara zaɓe. Sajan-sajan sun kwashe manya. Sauran ƙanana ne, masu sau uku, ba wanda ya ko kalle su. Kai da ka zo da wannan basamuden, me za ka yi da su?"

Maganar galo ce ta tsaya mini a rai. A wurinmu komai da galo ake yi, cin abinci da karɓar albashi da hawan mota. To harbin ma da galo za a yi. Manya za su harba da sanyin safiya, lokacin da babban madubi ke aikinsa. Kafin layi ya iso kan kaporal, rana ta take tsaka.

Na ce, "Mutari, ɗora mini su ɗaya bayan ɗaya. Amma ba zan gwada ba sai gobe da azahar."

"Da azahar? Zafi ya taɓa ka ne?"

"Lokacin da za a kira sunana ke nan."

Haka muka yi. A filin harbi na bayan bariki na ja amawali har ido, tunda tsohon zai kasance a wurin gasar, na zagaya fili da gudu sai da numfashina ya ɗauke, sannan na faɗi ƙasa na ɗauki bindiga. Da babban madubi, allon harbi na kusa ma sai da na yi ta lalube kafin in gan shi, don abin da yake nunawa bai fi tafin hannu ba, kuma duk bugun zuciyata sai gicciyen zaren da ke ciki ya yi tsalle. Da ƙaramin kuwa, ina ɗaga kai allo na gabana. Bai nuna mini ƙusoshin allon nesa ba, amma ya nuna mini allon a tsaye cak, ya kuma bar tazara tsakaninsa da girata ko da amawali. Kwana biyu ina maimaitawa, Mutari na murɗa 'yan maɓallan saiti har harsashi ya koma inda zare ya nuna.

"Surukin naka fa?" ya tambaye ni ranar da zan tafi.

"Shi ba zai zauna a bencin can ba. Ni zan zauna."

Na sa hannu na karɓi ƙaramin, na naɗe babban a jakarsa. Zuciyata ba daɗi, amma na riga na yanke.

Tanut, ranar gasa

An yi gasar a gindin tudun bayan gari. Yadda na lissafa haka ta kasance. Manya suka harba da safe, suka yi kyau, aka tafa musu. Da rana ta ɗaga, wasu ƙananan da suka roƙi aron manyan madubai daga wurinsu suka fara zubar da harsashi a yashi. Surukina ya iso tun hantsi, shi da Agali, suka durƙusar da raƙumansu a gefen fili.

Ana gab da azahar aka kira ni. Na ja amawali, aka busa usur. Libarba ta yi mini biyayya. Mitarayet ta ɗan kauce a allo na ƙarshe. Na ruga wurin doguwa ƙirjina kamar zai fashe, na faɗi, na leƙa. Allunan kusa na kwashe su ba tsayawa. Na nesa guda uku ne, na samu biyu, na ukun ya wuce ta gefe. Ina tashi usur ya sake kaɗawa.

Da la'asar Ajidan ya karanta sunayen waɗanda za su ci gaba da hawan raƙumi. Nawa ne na biyun ƙarshe. Na yi hamdala.

Na ɗauki jakar fatar na je inda tsohon yake, na durƙusa na ajiye ta gaban Agali. Tun ina kwance a fili tsohon ya ga abin da ke kan bindigata, idonsa ya fi nawa. Na ce wa Agali ya gaya masa ba raini ba ne, rana ce. Tsohon bai bari ya gama ba.

"Gaya wa mijin 'yata ya yi harbi mai kyau. Ka kuma gaya masa na gane kayana sun yi masa nauyi."

Ya rataya jakar a sirdi, ya tayar da raƙuminsa. Shayin da na sa aka dafa musu bai sha ba.

Komawa Tenhya

Kamiyon gero ya sauke ni gida washegari da yamma. Fadimata ta saurari labarin duka ba ta katse ni ba, sannan ta ce mahaifinta ba ya saurin fushi, ba ya kuma saurin hucewa. Ta san shi. Ya yi damina biyu bai tako gidana ba, saƙon gaisuwata kuma sai dai Agali ya amsa.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Sajan Mutari da ya sha ranar azahar saboda ni, da tsohuwar nan mai cuku, da surukina, wanda ya ba ni abin da ya fi so a duniya na kasa amfani da shi.

Kafin in bar Tanut, Ajidan ya tsai da ni a bakin kamiyo ya ce, "Kaporal, baɗi ma akwai gasa." Na ce na sani. Idon nawa ba gyaruwa zai yi ba, ni da shi duk mun san haka. Shekara guda kawai na samo a kan raƙumi, na kuma biya ta da fushin dattijon da nake jin kunyarsa fiye da kowa. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Amma da za a sake ajiye mini madubin nan biyu a gabana, ƙaramin zan ɗauka.