Ranar da Malam Ya Sa Riguna Sha Ɗaya

Akwai tambayar da har yau ban samu amsarta ba: suman da mijina ya yi a bakin iyaka, na gaske ne ko shiri ne? Yanzu ƙasa ta rufe mai amsar. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, in kun ga magana ta karkace kuka ne ya tare ni. Amma ranar nan ba zan manta da ita ba har in bi shi.

Malam tela ne. Su tara ne a wata rumfar kwano a nan Jibiya, suna yi wa wani Alhaji ɗinkin riguna, shi kuma yana kai su Maraɗi. Kowace riga da ladanta, ladan da sai an haɗa na kwana biyu ake auno gero. In na ce ya nemi ƙari sai ya ce, "Uwar yara, masu jiran kujerata sun fi ƙarfin kujerar."

Wata bazara Alhaji ya samo dabarar kauce wa kuɗin fito: tufafin da ke jikin mutum ba a biya musu komai. Ya dubi telolinsa ya zaɓi Malam, wai shi ne ba shi da nama, jikinsa zai fi cin kaya. Aka jibga masa riguna sha ɗaya, wata kan wata. Ni kuma aka ce in yi kwalliya in bi shi kamar biki za mu, Alhaji na biye a mota kamar bai san mu ba. Malam ya fito hannuwansa a buɗe, sun ƙi sauka. Maƙwabcinmu na shekara ashirin ya durƙusa ya ce masa, "Ranka ya daɗe."

A shingen bincike muka tarar da layin manyan motoci, rana kamar ta narka kwalta. Ma'aikacin da ke wurin ya gaida Malam da girmamawa ya ce masa, "Alhaji, ina zuwa haka?" Malam ya buɗe baki, ya juya ido, ya gangara ƙasa a hankali kamar buhun auduga, ko ƙara bai yi ba.

Na fasa ihu. Wata mai fura ta ce a cire masa riga ya sha iska. Aka cire, sai ga wata. Aka cire, sai ga wata. Daga ta huɗu jama'a suka manta da sumamme suka koma amsawa baki ɗaya: "Biyar! Shida!" Wani direba ya ce, "Ku ci gaba, ƙila akwai mutum ciki." Da aka kai ga yagaggiyar singiletinsa, mai fura ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ina sauran mijin naki?"

Ma'aikacin nan yana share hawayen dariya ya tambayi mai kayan. Nan take Malam ya farka, ya nemo Alhaji cikin taro da ido ya ce, "Alhaji, ko naka ne?" Alhaji ya ce, "Ni? Ban san wanga bawan Allah ba!" Aka ce to kayan Malam ne, amma mu juya gida.

Muna naɗewa wani ɗan kasuwar Maraɗi ya ɗaga riga ɗaya, ya duba ɗinkin wuyan, ya yi tayi. Malam ya ce ya maimaita. Kuɗin riga guda ya fi abin da yake kawo mini a wata. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Can ne ya kamata ya suma, amma bai suma ba.

Bayan la'asar Alhaji ya yi sallama ƙofar gidanmu, ya tarar da sauran telolinsa takwas kan tabarma, Malam zaune bisa ƙunshin riguna. Ya ce, "Malam, kayana." Malam ya ce, "Wa ke magana? Ai ba mu san juna ba." Ina bayan zana na kasa kunne, don 'ya'yanmu huɗu da keken ɗinkin nan suke ci. Sai na ji mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba yana cewa shi ba ɓarawo ba ne, ga riguna nan, amma sai an ƙara ladan ɗinki, kuma a ƙara wa teloli tara duka. Alhaji ya rantse zai kwaso wasu teloli daga garin Gangara. Malam ya ce ya gaggauta, saura mako uku Sallah. Kafin magariba aka yi ƙarin. Ba shi da yawa, amma shekarar nan kowane ɗana ya sa takalmi.

Abin da na koya shi ne, mai ɗinki na iya tsufa kan keke bai san darajar hannunsa ba, wanda ya sani kuma ba zai faɗa masa ba. Tun ranar ban ƙara neman ragi wurin tela ba.

Bara ya tafi, bayan allura ta cinye masa ido. Wayyo Malam. Ina riƙe da hannunsa ya jawo ni kusa ya ce, "Uwar yara, duk wanda ya ɗinka likkafanina, ko ya ce don Allah ya yi, ki biya shi."