Murfin Alƙalamina

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, kuma duk tsawon shekarun nan alƙalami ɗaya ne a aljihun gaban rigata. Ba biro ba ne, irin mai shan tawada ne, baƙi, jikinsa duk ƙarfe. Jan biro na duba aikin yara kam na kashe su ba adadi, wasu sun ƙare, wasu an yi gaba da su, ban taɓa bin sawun ko ɗaya ba. Amma wannan, ko masallaci zan shiga sai na shafa ƙirji na ji yana nan.

Yayana ne ya saya mini shi, shekarar da na gama kwalejin horon malamai. Manomin shinkafa ne a fadamar Ambursa, bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya shigo Birnin Kebbi, ya shiga kantin littattafai, ya ce a fito masa da duk alƙaluman da ke akwai. Bai san wanda ya fi iya rubutu ba, sai ya yi abin da ya saba yi in zai sayi galma: ya ɗauki kowanne ya jinjina a tafin hannu, ya zaɓi wanda ya fi nauyi. Da ya miƙo mini sai ya ce, "Wanga ba shi karyewa da wuri." Na yi masa dariya ranar, na ce ai ba huɗa zan yi da shi ba. Allah ya ji ƙansa, ya daɗe da rasuwa.

Nauyin nan da na yi wa dariya shi ya rufa mini asiri bayan na yi ritaya. Hannuna na dama ya fara rawa. A wajen shan fura na fara lura, ludayi ya riƙa zubar da rabi kafin ya iso baki. Likita ya ce shekaru ne, ya ba ni ƙwayoyi, na sha har na gaji. In na riƙe biron roba, rubutun sai ya fito kamar kaza ta yi tono. Amma in na riƙe nawa, nauyinsa yakan danne rawar na ɗan lokaci. Ba zan iya wasiƙa ba, wannan ya wuce. Sunana dai yana fita, da lanƙwasarsa da jan layin da nake yi a ƙarƙashi, kamar yadda na saba tun ina saurayi.

Wani zai ce to mene ne a ciki. Ga abin da ke ciki. Lokaci zuwa lokaci akan kira mu, tsofaffin ma'aikata 'yan fansho, mu je a tantance mu, wato mu kai kanmu a ga ba mu mutu ba. A kan teburin abu biyu ne: layin sa hannu, da ɗan akwatin tawada na masu dangwala yatsa. Ni kuwa da nake hedimasta, iyayen yara sukan zo ofis, in kama babban yatsansu da kaina in dangwala musu a takarda. Ban taɓa wulaƙanta kowa ba, amma ba zan ɓoye ba, a raina ina jin ni daban ne. Na koya wa ɗaruruwan yara riƙon fensir. Na ɗauki alkawari tsakanina da kaina cewa har a kai ni makwanci ba wanda zai kama yatsana.

Ina da wata dabara ta aron alƙalami, wadda duk tsohon malami ya sani. In an roƙe ka aro kuma ba halin hanawa, to ka cire murfin ka riƙe, ka miƙa gangar jikin. Ba mai sa alƙalami marar murfi a aljihu, sai in yana son ya ɓata rigarsa. Na sha koya wa ƙananan malamai wannan, ina jin kaina wani mai wayo. Shekara da shekaru dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar da ta ba ni kunya, bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Na hau babur ɗin kabu-kabu daga gidana na Nasarawa tun bayan karin kumallo, na tarar an riga an cika wurin tantancewar. Rumfa ɗaya, bencina ba su kai rabinmu ba, tsofaffi zaune a ƙasa kan takalmansu. Aka rarraba fom. Nan fa ka ga abin haushi: mutanen da suka ƙare rayuwarsu a ofis da aji, amma mutum ya baro gida ya zo cika fom hannu rabbana. Na cika nawa a hankali, na bar wurin sa hannu, don wannan sai a gaban ma'aikaci ake yinsa. Mutum biyu suka roƙe ni aro na ce tawada ta kusa ƙarewa. Na ukun wani dattijo ne mai furfura fiye da tawa, yana zaune dab da ni.

"Malam, ara man alƙalamin ga in cika layi guda," in ji shi.

Na ji nauyinsa. Na murɗe murfin na riƙe, na ba shi.

Ko minti biyu ba a yi ba wani ma'aikaci ya fito ya ce 'yan ƙaramar hukuma kaza su koma ɗaya gefen. Wuri ya hargitse, kowa ya miƙe, aka tura ni gaba. Kafin in kutso in dawo, dattijon ya ce ai na kusa da shi ya amsa. Na kusa da shi ya ce ya miƙa wa wani mai farar hula. Masu farar hula kuwa sun fi ashirin. Na bi benci benci ina tambaya, murfi a hannuna ina nunawa, wasu su girgiza kai, wasu ma ba su ji abin da nake faɗa ba. Ina cikin haka aka kira sunana, aka sake kira, aka ce in ban shigo ba sai wani zagayen.

Wata matashiya ce a teburin, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta duba hotona ta dube ni, ta turo mini biron da aka ɗaure da zare a jikin teburin.

"Baba, sa hannu nan."

Na gwada. Biron ya yi ta tsalle a hannuna. Ta ba ni wata farar takarda ta ce in gwada a gefe tukuna. Sau uku ina yi, gumi yana ɗiga daga haɓata. Ta buɗe fayil ɗina ta dubi tsohon sa hannuna, ta dubi na yanzu.

"Baba, bai yi kama ba. Ba komi, kawo yatsa, ai dud ɗaya na."

Ta kama babban yatsana a hankali, ta danna a tawada, ta mirgina shi a kan takardar daga dama zuwa hagu. Daidai yadda nake yi wa mutane, ko kuskure babu. Da ta yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan ji haushi. Na yi mata godiya na fito. Ban ƙara neman alƙalamin ba.

Da na isa gida uwargida ta ga yatsan, ta ga aljihun. Ta kawo ruwa da sabulu ta ajiye a gabana. Kwana biyu shuɗin bai gama fita daga gefen farce ba.

Abin da na riƙa yi bayan nan, ko yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Kullum in zan fita sai in maƙala murfin a aljihu, maƙalinsa a waje, wanda ya gani ya ɗauka alƙalami ne. Babban ɗana ya sayo mini sababbi har uku, masu kyalli, a cikin kwali. Na jinjina su, duk kamar kara. Na sa masa albarka na zuba su a durowa. A raina kuwa na shirya maganar da zan faɗa wa wanda ya tafi da shi, in Allah ya haɗa mu. Na yi ta gyara ta ina ƙara mata gishiri, wata da watanni.

A Argungu Allah ya haɗa mu, bayan an yi girbi. Wani abokin aikinmu na da ya rasu, na je ta'aziyya. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ana shigowa ana addu'a ana tashi, sai idona ya faɗa kan rigar wani tsoho da ke jingine da bango. Farar riga ce, amma ƙasan aljihunta ya yi wani tabo baƙi-baƙi mai shuɗi, an wanke an wanke ya ƙi fita. Daga bakin aljihun kuma ga wani abu ya leƙo, an naɗe kansa da guntun leda an ɗaure da kyauro. Na gane nawa ne tun kafin in ga jikin ƙarfen.

Sai da na dubi fuskar sosai na gane shi. Tare muka fara koyarwa a wata makarantar ƙauye kusa da Argungu. Shi ne malamin da ya fi kowa iya rubutu a cikinmu. In ya cika allo, sai ka ji ba ka son a goge. Duk takardar shaidar kammala karatu shi ake kai wa ya rubuta sunayen yara. Ya girme ni da 'yan shekaru. Yanzu ya rame, hannayensa biyu na kan cinyarsa suna ta kaɗawa, nawa ma wasa ne.

Da aka shafa addu'a na matsa kusa da shi. Muka gaisa, ya gane ni, muka tambayi iyali, muka lissafa waɗanda suka riga mu. Duk maganar nan idona na kan aljihunsa, shi ma ya lura.

"Naka na?" ya tambaya.

"Nawa na, Malam."

Bai yi musu ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya sunkuyar da kai.

"Can ƙarshen benci yat tadda ni," in ji shi. "Na tambaya ko na wa na, ba wanda yat tanka. Amma ƙarya ni kai in nac ce na nema da kyau. Sau ukku ana kama man yatsa wurin ga. Ran nan nis shiga da shi, nid ɗora bisa takarda, sai ga sunana ya hito. Yarinyar ma sai da tad dube ni. Da nih hito na san ba nawa na ba. Ƙahwata ta ƙi komawa rumfar."

Ya ce tun ranar kullum da safe yakan rubuta sunansa sau ɗaya a bayan kalanda, don kada hannun ya manta. Ya ce riguna biyu alƙalamin ya ɓata masa, iyalinsa har ta gaji da faɗa.

Na nemi maganar da na shirya, na rasa ko kalma ɗaya. Shi kuwa ya sa hannu a aljihu, da ƙyar ya zaro shi. Ya so ya kwance kyauron kafin ya ba ni, don kada ya miƙo mini kayana a cikin leda. Yatsun suka ƙi. Ya kama, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Ina zaune ina kallo, mutane na wucewa ta gabanmu suna neman takalmansu. Daga ƙarshe ya haƙura ya miƙo mini shi haka nan, yana rawa a tsakaninmu.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ina sonsa. Har hannuna ya tafi. Kayana ne, kyautar ɗan'uwana ce, ba wanda zai ga laifina. Amma alƙalamin ɗaya ne, mu biyu ne, kuma wani kiran na nan tafe. Dole ɗayanmu ya miƙa yatsa. Na dubi mutumin da ya rubuta sunayen yaran gari guda, na ji wata irin gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa. Ba kirki ne ya motsa ni ba. Ƙarfin karɓa ne ba ni da shi.

Na amshe shi, na kwance kyauron, na yar da ledar. Na zaro murfin daga aljihuna na murɗa masa. Ya shiga daram, da ɗan ƙaran nan da na sani. Na mayar masa a aljihu na maƙala da kyau.

"Haka za shi daina ɓata maka riga," na ce.

Ya dube ni. "Kai hwa?"

"Ni an riga an dangwala man, Malam. Ban mutu ba."

Na tashi ban jira godiyarsa ba, don in ya fara ban san abin da zan yi ba. Na shiga motar dawowa Birnin Kebbi. Ban ji daɗin da ake cewa mai kyauta yana ji ba. Na dai riƙa shafa aljihu ina jin ba komai, har muka iso tasha.

An sake kiranmu bayan wasu watanni. Na hango shi daga nesa a layin 'yan Argungu, sabuwar riga fes, maƙalin ƙarfe na sheƙi a ƙirjinsa. Ban je wurinsa ba. Da aka kira ni na tarar da matashiyar nan ce dai a teburin. Ba ta tuna ni ba. Ta gaishe ni, ta duba hoto, ta fara turo mini biron mai zare.

"Bar shi, ɗiyata," na ce. "Matso da tawadar."