Ƙoƙi-ƙoƙi a Haɓar Zane

Mu bakwai ne a tsakar gida ranar. Akwai baffanmu, ƙanin mahaifinmu, wanda riƙon gida ya koma hannunsa tun da tsoho ya rasu. Akwai innarmu, zaune a bakin ɗakinta da tasbaha. Akwai wani malami daga Lambara mai tsare masu taɓin hankali a gidansa, da maƙerin garinmu, wanda ya zo da mari cikin tsohon buhu ya aje shi kusa da turmi. Akwai matar ƙanena tana leƙe ta bayan asabari, da shi ƙanen nawa, wanda dominsa aka taru. Sai ni. Akwai ta takwas, amma ni kaɗai na san da ita, don tana ƙulle a haɓar zanena.

Lokacin ina aure a Shagari. Garinmu kuwa ƙauye ne a ƙasar Boɗinga, gefen fadamar Danchadi. Ƙanena yana cikin samarin da Turawa suka ɗiba zuwa yaƙin Bama, ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, muka gode wa Allah. Ya yi damina guda lafiya lau. Yana noma, yana salla, ba ya zagin kowa. Da kaka ta kama sai aka aiko mani cewa in zo, za a kai shi Lambara a sa shi a mari.

Na zo a kan jaki, na tarar da innarmu ta rame. Na tambayi baffa abin da yaron ya yi. Ya ce bai doki kowa ba, bai fasa komai ba, amma kullum in an idar da asuba sai ya zagaya bayan rumbu ya zama wani abu. Matan gida sun daina zuwa ɗibar hatsi. Matarsa ta ce ba ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da shi.

Ni ba a kai ni makaranta ba, ko ta allo ban daɗe ba aka cire ni. Abin da na iya shi ne kallo. Na ce wa baffa ya ba ni kwana uku kafin a kira maƙeri. Ya ba ni, don ni ce babba, kuma ya san in bai ba ni ba zai sha magana.

Washegari na laɓe jikin zana tun gari bai gama wayewa ba. Ƙanena ya zo bayan rumbu da wani gwangwani na soja mai huji a murfi, ya buɗe, ya fito da ƙoƙi-ƙoƙi, koriya, tsawon ɗan yatsa. Ya ɗora ta a kan karan dawa. Ta ɗaga hannuwanta ta naɗe su a ƙirji. Shi ma ya lanƙwashe gwiwoyi, ya ɗaga hannuwa, ya karya su a wuyan hannu, yatsu suna kallon ƙasa. Suka tsaya. Na ƙirga kukan zakara har na gaji, babu wanda ya motsa a cikinsu. Daga nan ta fara rangaji, gaba da baya, kamar ganye in iska ta taɓa shi, shi ma ya fara. Sai hannunsa ya fita ya dawo. Ban ga fitarsa ba, ƙarar hannun riga kawai na ji.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, a kwana na biyu na kasa gane wa ke fara motsi. Wani lokaci ita ce, shi ya bi. Wani lokaci na rantse shi ne, ita ta bi.

A kwana na uku na bi shi fadama inda yake gyaran wurin irin albasa. Na zauna a kan kunya na ce, "Kai, aje hauyar nan. Mi kaka yi bayan rumbu?"

Ya yi dariya, irin tasa ta da. "Ashe ke ta, Yaya. Na ji numfashi jikin zana, nic ce ko akuya ta."

"Akuyar ta goye ka shekara biyu. Ba ni amsa."

Ya ce dambe ne. Ya ce da zazzaɓi ya kwantar da shi a can, akwai wani tsoho mutumin Sin mai dafa masu abinci, shi ya koya masa da hannu, don ba su jin maganar juna. A ƙasarsu, in ji shi, wani mutum ya taɓa zama yana kallon ƙoƙi-ƙoƙi tana kama abin da ya fi ta girma, ya kwaikwayi yadda take tarewa da hannu ɗaya ta ƙugiye da ɗayan, har ya zama dambe. Wasu sun ɗauko nasu daga biri, wasu daga maciji, wasu daga wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu kamar gauraka. Tsohon ya nuna masa kaɗan, sannan ya kamo masa ƙoƙi-ƙoƙi ya nuna ta da yatsa, wato sauran wajenta zai koya.

Na ce to wa zai dambata da shi a nan, ga mahauta da nasu damben, ba su neme shi ba. Ya ɗauki hauya ya sake ajewa.

"Ba don kowa na ba, Yaya. Bindiga na cikin kunnena tun da nid dawo. In nit tsaya haka, sai ta yi shiru. Nan kaɗai taka yin shiru."

Ban ce masa ya bari ba. Na ce masa gobe maƙeri zai zo.

Da safiyar ranar, ƙanena yana masallaci, na je na buɗe gwangwanin na ɗauke ta. Na ƙulle ta sako-sako a haɓar zane, na tura gwangwanin ƙarƙashin rumbu. Nufina kada malamin ya gani, don in ya ga mutum yana kiwon ƙwaro a gwangwani, magana ta ƙare.

Da hantsi aka zauna. Maƙeri ya zazzage marin a ƙasa, ya dubi ƙafar ƙanena ya ce, "Soja, takalmin Bature ya ɓata maka ƙahwa. Wanga na yi shi don mutanen kirki masu siraran ƙwauri."

"Sai ka ƙara ƙarhe, Baba," in ji ƙanena. "Ka daɗe kana rage ma mutane."

Babu wanda ya yi dariya sai maƙerin.

Na faɗi abin da na gani da abin da aka gaya mani, ban da gwangwani. Malam ya saurara yana shafa gemu. Baffa ya ce shi bai taɓa jin inda ɗan Adam mai salla ya mai da kansa ƙwaro ba. Nan nake jiran sa. Baffa maharbi ne a ƙuruciyarsa, kuma kan burtunsa na nan rataye a ɗakinsa, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su rufa da baƙin zane su yi rarrafe, namun daji su ɗauka tsuntsu ne.

Na ce, "Baffa, Allah shi ba ka haƙuri. Sa'ad da kaka ɗaura kan burtu kana tsattsagar ƙasa cikin daji, wa yak kira maka maƙeri?"

Innarmu ta ce, "Ke."

Baffa bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Gaskiya ta. Na yi rarrafe, na yi kukan burtu, har burtu ya amsa mani. Amma in nig gama, kwance kan nika yi in rataye, in koma mutum. Mun san wani da yak kwana uku bai kwance ba, ba mu son zancenai. Shi wanga, mi shika kwancewa in ya gama?"

Na juya na dubi malam.

Malam ne ya raba gardamar. Ya ce wanda iska ta hau ba ya amsa sunansa. Yaron ya tashi ya yi abin da ya saba, a gaban kowa. A kira shi sau uku. In ya amsa, maƙeri ya mai da ƙarfensa buhu. In bai amsa ba, yau zai kwana Lambara.

Ƙanena ya tuɓe hula ya ba ni. Ya tsaya tsakiyar gida, ya lanƙwashe gwiwoyi, ya naɗe hannuwa. Kaji suna kiwo kusa da shi, ɗaya bayan ɗaya suka koma gindin danga. A jikin cinyata na ji ta fara motsi cikin ƙullin zane, gaba da baya. Na ɗaga ido, shi ma ya fara rangaji. Bai san tana wurina ba. Ba ya ko kallon inda nake.

Baffa ya kira sunansa na yanka, da ƙarfi. Shiru. Ƙuda ya sauka a kan fatar idonsa, bai ƙifta ba.

Malam ya dubi innarmu. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, don sunan surukinta ne, amma ranar ta kira. Shiru. Na ji matarsa ta saki asabari. Maƙeri ya jawo marin kusa da ƙafarsa, a hankali, don kada ya yi ƙara.

Saura ni. Na sa hannu na kama ƙullin. Tana ƙugiyar yatsana ta cikin zane, da ƙarfin da ban zaci ƙwaro na da shi ba. Na lalubi kanta, na matse da babban yatsa har na ji ya fashe. Sannan na kira shi da sunan da nake kiransa yana bayana a goye.

Jikinsa bai motsa ba. Kansa kaɗai ya juyo, a hankali, har haɓarsa ta wuce kafaɗa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya ƙifta ido ya ce, "Na'am, Yaya."

Ya sauke hannuwa. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fatiha. Maƙeri ya kwashe ƙarfensa yana cewa an tashe shi da safe a banza, ko fura ba a ba shi ba. Innarmu ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Baffa ya tsaya a kaina ya dubi hannuna, da ɗan koren ruwan da ya ɓata haɓar zanen.

Na yi shekaru ina juya abin. Mai yiwuwa da ma zai amsa mani, don ni na goye shi. Mai yiwuwa ba haka ba ne. Ban sani ba, kuma ban taɓa tambayar wani malami ba. Da yammar ranar na gan shi ya tsugunna ya jawo gwangwanin, ya buɗe, ya rufe. Bai tambaye ni ba. Ya ce dai suna da yawa a fadama, kaka ce.

Ban ce a hana shi ba. Wanda ya ji abin da ya gaya mani a fadama ba zai hana shi ba. Amma tambayar baffa ta kwana tare da ni.

Da asuba na yage haɓar zanen, na binne ta da abin da ke cikinta a gindin danga. Na yanki wani ƙyalle baƙi daga tsohon zanen farautar baffa, na murɗe shi kamar igiya. Na riga ƙanena zuwa bayan rumbu. Da ya iso na kama hannunsa na dama na ɗaura masa a wuyan hannu, ƙulli biyu.

"In za ka hwara, ka ɗaura. In ka gama, ka kwance ka rataye jikin rumbu, inda kowa ka gani. Ran da matarka tag ga rana ta hito ba a rataye shi ba, ta aiko mani Shagari."

Ya dubi ƙyallen ya ce, "To, Yaya."

Ban koma jikin zana ba. Na zauna a fili a kan turmi, ina kallonsa har ya gama. Sai da na ga ya kwance da hannunsa ya rataye, sannan na je na ɗaura wa jaki akumari.