Takardun Baffa da Ƙoƙon Kunkuru

Jiya aka sake nuna shirin tarihin nan a talabijin, na tsohon rubutun mutanen Sin a ƙoƙon bayan kunkuru. Tashi na yi na kashe.

Da Baffa, yayan mahaifina, na fara kallonsa, a zaurensa na Ƙofar Marke mai ƙanshin tawada da ƙaro. Kullum yatsunsa baƙi ƙirin, don duk abin da tsofaffin unguwa suka faɗa masa sai ya rubuta da ajami: wa ya haƙa wace rijiya, ta ina ganuwa ta bi. Ranar ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin talabijin ɗin, ya ce, "Ɗiyata, dubi yadda sunka adana kunkuru. Takarduna ma hakanan za ku riƙe su."

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka buɗe adakarsa. Ba mai karanta ajami a cikinsu, kuma ba su tambayi kowa ba. Suka ɗauka ayoyi ne, suka ƙone su don kada a taka. Toka na tarar. Har yau gani suke ladabi suka yi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya sa labarinmu bai iso maka ba.