Yadda Na Fanshi Gonar Baba da Kashin Awaki

Duk wanda ya ce maka boko ba ya cin gona, ka turo shi wurina. Nawa bokon ya ci gona guda sukutum, har da gawon da ke tsakiyarta. Shekarar da na samu shiga kwalejin horon malamai, Baba ya ɗauki gonarmu ta bayan gari, wadda ya gada daga kakana, ya jinginar da ita ga wani Alhaji na unguwarmu mai sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Dawanau. A gaban mai unguwa aka yi sharaɗi: Alhaji zai riƙa noma gonar yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. In damina goma ta wuce ba a biya ba, a yi wa gona kuɗi, ya cika ragowar, ta zama tasa. Malamai sun sha faɗin cewa irin wannan jingina akwai ayar tambaya a kanta, amma Alhaji a sahun gaba yake sallah, kuma shi ya sayo wa masallaci lasifika.

Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba, don ko yaron goye ya san ta. Da rani ake fansar gona, kafin a kai taki. Da zarar mai riƙon jingina ya zuba taki, to daminar nan tasa ce, ko da buhun kuɗi ka zo. A wajenmu gona tana jikin gona, ƙasa ba ta samun hutu, in ba ka ba ta taki ba ba za ta ba ka ko ƙaiƙayi ba. Shi ya sa mutum zai iya yafe maka zagi, amma ba zai yafe maka ɗibar masa juji ba.

Na gama karatu, na samu koyarwa a firamare, na yi aure. Damina huɗu ta tafi ban biya ko sisi ba. Baba bai taɓa yi mini gori ba, sai dai ya ɓullo da wata hanyar da ta fi gori ciwo. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya ce in raka shi ta bayan gari, wai ƙafarsa na son miƙewa. Sai mu tsaya gindin gawon nan ya yi ta kushe huɗar Alhaji. "Dubi wannan layi, kamar maciji ya sha duka." Idonsa ya fara rauni a lokacin, ba ya gane mutum sai ya yi magana, amma karkatacciyar huɗa daga nesa yake hango ta.

Wata Juma'a bai kushe komai ba. Ya dafa gawon, ya ce, "Da dai na ƙara jefa iri a gonar nan ko sau ɗaya ne, kafin a kai ni makwancina."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Washegari na je wurin Alhaji na roƙe shi ya yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Malam, da albashin firamare? Kawo ko naira biyar ce, mai unguwa ya rubuta. Da yayyafi kogi kan cika, in ba a mutu ba."

Daga ranar maiɗakina ta karɓi mulkin aljihuna, kuma ban taɓa ganin gwamnati mai tsanani irin tata ba. Ta fara da goro. Daga goro ta koma kan shayin da nake sha a bakin tasha, wai koko ma ruwan zafi ne. Babur ɗina aka jingine shi a zaure kaji suna kwana a kai, na koma hawan keken Baba mai birki ɗaya. Waya kuwa na zama gwanin kira in katse, har abokaina suka daina biyo kiran. Tsire sai dai in wuce ta gefen da iska ke kaɗowa. Ita kuma ta kama soya ƙuliƙuli, ta shiga adashi, in ta kwasa ko ɗankunne ba ta saya, sai ta ƙulle a bakin zane ta ce in kai wa mai unguwa. Sallah uku na yi da riga ɗaya. A makaranta malamai suka sa mini ido, suna cewa hannun jarirai gare ni. Na ce na ji, su da suke da hannun manya ina gonakinsu?

Haka muka yi shekara uku. Rani na bakwai da jinginar ya zo, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, bai kai rabin albashina ba. Sai albashin ya maƙale, kamar yadda ya saba in ya ga kana nemansa. Ga bazara ta kankama, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, jakuna sun fara zirga-zirga da mangala zuwa gonaki. Kullum na dawo daga makaranta sai na leƙa gonar in ga ko Alhaji ya kai taki. Bai kai ba. Baba kuwa ya sa an fito masa da sunguminsa, wanda yake saran shuka da shi, ya sa an sake masa ƙota.

Ana cikin haka sai ga wani mai jakuna, dillalin taki daga ƙauyen gaba, ya yi sallama ya ce yana sayen juji, kuɗi hannu. Jujinmu kuwa abin alfahari ne: kashin awaki na shekara guda, da toka, da sharar gida, ya ruɓe ya yi baƙi ƙirin. Mun tara shi ne don ita wannan gonar in ta dawo. Na yi lissafi a raina, na ce gona tukuna, taki a nemo daga baya. Kuɗin da ya taya ya cike giɓin cif.

Maiɗakina ta leƙo daga bayan ƙyaure. "Malam, ka tambaye shi ina zai kai?"

"Ina ruwana? Ko birnin Sin zai kai, shi ya jiyo."

Har taya shi ɗora mangala na yi, ina yabon hajata, ina ce masa duk gonar da ta ci wannan taki mai ita sai ya ƙara rumbu. Kwana biyu yana jida, ni kuwa murna ta sa na daina leƙa gonar. Mai unguwa ya yi tafiya Minjibir, don haka sai ranar Juma'a bayan masallaci muka zauna. Na sa rigar nan tawa ta Sallah, na zube kuɗi a tabarma ina hura hanci. Alhaji ya ƙirga a natse, mai unguwa ya ja layi a littafi.

"Alhamdulillahi," in ji Alhaji. "Gona ta zama taku, Malam. Baɗi sai ku shiga."

"Baɗi kamar yaya?"

"Ai na zuba taki. Jiya da yamma aka gama."

Ban san lokacin da na hau keke ba. Na isa na tarar da tsibi-tsibin taki tun daga iyaka har gindin gawo, baƙi ƙirin, mai kyau. Na tona tsibin farko da ƙafa, sai ga murfin jan birona na makin jarrabawa. Na tona na biyu, ga tsinkakken silifas ɗin maiɗakina. Tafɗijam! Ashe Alhaji yana bin littafin mai unguwa, ya san abin da ya rage mini, ya turo dillali ya saye jujina da kuɗin da ya san gobe za su dawo aljihunsa. Ni da hannuna na ɗora wa jaki abin da ya rufe mini gona.

Na koma na zazzage musu abin da ke cikina, har da maganar lasifika. Mai unguwa ya bari na gama, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, sai in Alhaji ya ga dama ya sassauta. Alhaji ya duba agogo ya ce la'asar ta kusa.

Abin da ya fi mini wuya shi ne shiga wurin Baba. Na same shi a zaure, sungumi jingine kusa da shi. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wato kashin awakinmu ya riga mu komawa gida! Kai da bokonka, akuya ta fi ka hanzari." Ya share hawayen dariya da hannun riga. "Tashi. Baɗi ma damina ce."

Geron da Alhaji ya samu a daminar nan ba a taɓa ganin irinsa a gonar ba. Baba ya sa na kai shi, ya shafa zangarniya da tafin hannu, ya ce ko huɗar banza in ta samu takin kirki sai ta yi abin kai. Da sanyi ya shigo ya kwanta, kwana tara, Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku Alhaji ya aiko da damin gero guda daga gonar. Na miƙe zan mayar masa har ƙofar gida, maiɗakina ta riga ni, ta ja damin ta shige da shi ɗaki. Ta ce wannan iri ne, kuma da takinmu aka yi shi. Da ruwa ya sauka na ɗauki sungumin Baba mai sabuwar ƙota, ina sara tana jefa iri tana takewa, ina kuka kamar yaro, ba na ko ganin gabana.

Yanzu gonar tana hannuna, ba mai bina ko sisi, na koma shan shayina. Huɗata kuwa ta fi ta Alhaji karkacewa, na sani sarai. Duk Juma'a nakan biyo ta bayan gari in tsaya gindin gawon nan in dube ta, babu mai faɗa mini.