Takardu Goma Sha Bakwai a Kwalin Baba Adamu

Cikin duk shekarun da na yi a maɗaba'ar nan, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Alhamis ce a watan Sha'aban, shekara guda bayan an ɗage kullen korona. Ku sababbin zuwa kun sha tambayata me ya sa ni, babban mai tsara shafi, nake durƙusawa duk Alhamis ina tsintar takardu a kwandon shara. Yau ku ji dalili.

A lokacin shagon nan na unguwar Aƙiƙ a Madina bai kai haka girma ba. Mu uku ne kawai. Akwai maigida Abu Majid, wanda shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Akwai Baba Adamu, Bahaushen Sudan mai yanka da ɗinkin littafi, wanda ya haura shekara talatin a Madina. Sai ni Sanusi, na zo daga Kano ina tsara aikin Hausa da na Turanci a kwamfuta. Iƙamata, takardar izinin zama da aiki, saura mako uku ta ƙare, kuma sai maigida ya ga dama zai sabunta. In ya ƙi, ya buga maka bizar fita ba dawowa, sai ka haɗa kaya. In kuma maganar caca ta shigo, ba ma kai za ka haɗa kayan ba, daga hannun 'yan sanda sai gidan tarhil, inda ake tsare mutum kafin a sa shi a jirgi.

Dokar shagon tun asali ita ce ba a zubar da takarda sai Baba Adamu ya duba ta. Muna buga littattafan addu'a na alhazai, saboda haka duk ɓatacciyar takarda mai aya ko sunan Allah a kwali na daban yake sa ta. Ranar Alhamis bayan azahar maigida da kansa yake kai kwalin akwatin da aka tanada don irin waɗannan takardu a masallaci. Baba ba ya karanta boko ko kaɗan, Larabci da ajami ya sani.

Ni kuwa kulle ya bar mini wata cuta. Zaman ɗaki a unguwar Harra ta Gabas ya ishe ni, na sauke wasan karta na Turawa a waya, wanda ake kira foka. Kuɗin cikinsa na ƙarya ne, ko ruwan leda ba za su saya ba. Da farko cinye ni ake yi kamar tuwon safe, ni kuma Allah Ya yi ni da ƙin a ce na kasa. Sai na shiga neman littattafan koyon wasan ina karantawa a waya. Na koyi cewa ba da kowane kati biyu ake shiga ba, yawanci ajiyewa ake yi. Na koyi cewa wanda ya yi magana a ƙarshe ya fi kowa gani. Na koyi yadda ake cika baki da hannu mara kyau har abokin wasa ya tsorata ya janye. Duk Juma'a bayan la'asar akwai gasa, sau ɗaya har na kai teburin ƙarshe, na yi kwana biyu ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Lokacin hutun rana nakan zauna a teburina in juya abin da na karanta zuwa Hausa da biro, in zana katunan a gefe.

Ranar Laraba na gama kwafe darussan a sabon littafi, na dunƙule tsofaffin takardun na jefa a kwando, na ce ai boko ne, Baba zai wuce su. Abin da na manta shi ne hannuna. Tun ina Islamiyya ban iya fara rubutu a takarda ba sai na sa Bismillah da Larabci a sama. Ban ma san ina yi ba.

Alhamis bayan azahar maigida ya ɗauki kwalin ya fita. Minti biyar ba a yi ba ya dawo da shi, ya rufe ƙofar shago ya juya makulli, abin da ban taɓa gani da rana ba. Ya baje takardu a kan teburin yanka, an warware su an goge tsaf. Goma sha bakwai ne, na ƙirga su da ido. Kowace da Bismillah a sama, katuna a ƙasa.

Da Larabci ya ce, "Ya Sanusi, rubutunka ne. Mene ne wannan?"

A nan na tuna darasin cika baki. Na daidaita fuska, na sassauta numfashi yadda littafi ya ce, na amsa, "Balot ne, ya ammi. Ina koyo ne." Balot karta ce da kowa yake yi a ƙasar nan, har gasarta ake yi a fili, na ɗauka na sami mafita.

Ya jawo takarda ɗaya gabansa. Sannan ya sa yatsa a kan wani zane. "Wannan katin lambarsa nawa?"

"Biyu."

"Wannan fa?"

"Biyar."

"Shekara arba'in ina balot a majalisi. Ba a wasa da katin da ya gaza bakwai." Ya miƙo hannu. "Jawwal," ya ce, wato waya.

Na ba shi wayar. Ya buɗe wasan, ya ga kuɗin ƙarya ne, na fara jin ɗan sauƙi. Sai ya shiga saƙonni. Wani da muke gasa tare ya turo mini hanyar shiga gasar kuɗi na gaske kwana goma kafin nan, da Larabci, ƙarara.

"Ka shiga?"

"Wallahi ban shiga ba."

"To me ya hana ka gogewa?"

Gaskiyar ita ce kullum sai na buɗe saƙon na kalla. Ya ce, "Ka san in aka kama wannan a shagona, da sunana a iƙamarka, ni ma sai na amsa tambaya? Shagon da ke buga addu'o'i?" Ya zaro tasa wayar daga aljihu. Ban san wa zai kira ba. Na ga kaina a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, mahaifiyata tana tambayar me ya faru, ita da na yi wa alkawarin Umara da azumi.

Duk wannan Baba Adamu yana tsaye bai gane kan zancen ba. Ya matso ya ce da Hausa, "Ya waladi, me ke rubuce a ciki?"

Na ce, "Dabarun karta ne, Baba. Irin ta caca."

Ya dubi takardun, ya dube ni. "Ni na ɗauko su a kwando, wahid wahid, ɗaya bayan ɗaya. Na ce yaron nan ya yi ganganci da ilimi. Kowace sai da na sumbata na ɗora a goshi."

Ya goge bakinsa da bayan hannu. Da maigida ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abu Majid ya tambayi me ya ce, Baba ya maimaita da Larabci. Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka kira kowa, ya Abu Majid. Hannun da ya rubuta na sama shi ya rubuta na ƙasa. Ka bar shi mu ga wanne zai rinjaya."

Maigida ya mayar da wayarsa aljihu. Ya sa na goge wasan da saƙon a gabansa, ya miƙo mini almakashi. Na yanke Bismillah goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya na sa a kwali, sauran na zuba a injin niƙa takarda, har da sabon littafin bayan na yanke tasa Bismillar. Game da iƙama bai ce uffan ba. Kwana goma sha tara na yi ina zuwa aiki ban san matsayina ba, ko ƙofa aka buɗe da ƙarfi sai in waiwaya in ga ko ni aka zo ɗauka. Saura kwana biyu ta ƙare saƙon sabuntawa ya shigo wayata. Sharaɗi ɗaya maigida ya sa: duk Alhamis in durƙusa tare da Baba a gaban kwando.

Abin da na koya shi ne a sana'ar nan babu takardar da take taka kai kaɗai. Duk abin da ka rubuta sai ya bi ta hannun wani, kuma mutumin ya yarda da kai ne kafin ya taɓa. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya bar aiki. Amma daga ranar, duk sanda ya tsinci takarda mai rubutuna, ba ya kai ta baki. Sai ya miƙo mini ya ce, "Sanusi, karanta mini tukuna."

Shekara talatin yana sumbatar sunan Allah a takarda bai taɓa tambayar kowa ba. Ni na koya masa tambaya.